Irin Gida Jarin Yara Ne: Darasi Daga Masarar Gugguru

Ya ku iyaye mata da rele na Dogon Dutsi da Tibiri,

Babu yaron da bai san gugguru ba. Ana ganinsa a bakin makaranta da tasha da ranar kasuwa, an ƙulla shi cikin leda ana sayarwa. Amma kowace mace da ta taɓa ɗebo masara daga rumbu ta zuba a tukunya da nufin yi wa yara gugguru ta san cewa ba kowace masara ke fashewa ba. Wata sai dai ta ƙone, wata ta tsage kaɗan ta tsaya. Ga ido duka masara ce, amma kowace da halinta na gado, kuma wannan hali yana iya ɓacewa idan ba a kula da iri ba.

Wannan takarda tana bayani a kan bambancin iri: mene ne shi, yadda ake rasa shi, da yadda ya shafi abin da yaro zai ci a watannin da rumbu ya yi ƙasa. Mun fara da masarar gugguru domin a kanta abin ya fi fitowa fili, sannan mu dawo kan hatsi da wake da sauran abin da muke nomawa a Arewa.

Me ya sa wata masara ke fashewa, wata ba ta yi?

Ƙwayar masarar gugguru ƙarama ce, ɓawonta mai tauri ne ƙwarai, cikinta kuma a cure yake kamar tsakuwa. A tsakiyarta akwai ɗan danshi, kimanin kashi 13 zuwa 14 cikin 100 na nauyinta. Idan ta ji wuta, danshin yana zama tururi, ɓawon kuma ya hana shi fita. Zafi na kaiwa wajen digiri 180 sai ɓawon ya fashe, cikin ya kumbura ya juyo waje fari fat. Masarar tuwo kuwa cikinta mai gari ne, ɓawonta ba ya riƙe tururi, shi ya sa ba ta tashi.

Taurin ɓawo da ƙanƙantar ƙwaya da curewar ciki halaye ne da shuka ke gada daga iyayenta, kamar yadda yaro ke ɗauko tsawo ko kamannin danginsa. Haka ma saurin nuna, jure fari, launin ƙwaya, daɗin fura da yawan sinadarin ƙarfe, duka na gado ne. Idan masana suka ce bambancin iri, abin da suke nufi shi ne yawan waɗannan halaye daban-daban da ke cikin amfanin gona guda. Garin da ke da hatsi iri biyar ya fi garin da ke da iri ɗaya arziki, ko da yawan dammansu ɗaya ne, domin shekarar da ta kayar da wani irin ba lallai ta kayar da sauran ba.

Abin da ya faru a mahaifar masara

Masara ba ƴar asalin Afirka ba ce. An fara noma ta a kudancin ƙasar Meziko kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawar daji, kuma ta iso Afirka ne bayan shekarar 1500. Masarar da ke fashewa tana cikin mafi tsufan ire-irenta. A gaɓar tekun ƙasar Peru masu haƙar kayan tarihi sun tono ragowar masarar gugguru mai shekara fiye da 6,000.

A yau ana lissafa manyan ire-iren masara 59 na asali a Meziko. Ɗaya daga cikinsu ita ce Palomero Toluqueño, masarar gugguru ta tuddan Toluka masu sanyi. Manoman wurin sun riƙe ta tun kaka da kakanni, amma a hankali suka bar ta, domin ƙwayarta ƙarama ce, amfaninta bai kai na sauran masara ba, ga kuma masarar gugguru mai araha da ake shigowa da ita daga Amurka. Wadda ta rage a gonaki ta gauraya da masarar maƙwabta har ƙarfin fashewarta ya ragu. An wayi gari ƙasar da ta ba duniya masara tana sayen kusan dukan masarar guggurun da take ci daga waje, manoma ƙalilan ne suka rage da irin kakanninsu.

Abin da ya taimaka shi ne tun da daɗewa an karɓi samfurin wannan iri an adana a cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT, kusa da birnin Meziko, inda ake ajiye da samfurin masara kimanin 28,000. Daga nan aka fito da shi aka mayar wa wasu manoma su sake shukawa. Darasin a bayyane yake: iri ba ya ɓacewa dare ɗaya. Gida ɗaya ya bari, wani ya bi, har ranar da za a neme shi a rasa wanda ke da ko cikin tafi.

Dogaro da iri ɗaya ma yana da nasa hatsari. A shekarar 1970 mafi yawan masarar da aka shuka a Amurka tana da hali guda na gado, sai wata cutar ganye da ta dace da wannan hali ta bazu, ƙasar ta yi asarar kimanin kashi 15 cikin 100 na masararta a shekara ɗaya. Babbar ƙasa tana iya jure irin wannan. Gidan da rumbunsa ɗaya ne ba ya iyawa.

Namu gadon: hatsi da abokansa

A wajenmu masara kaɗan ce. Ana shuka ta a bayan gida inda taki ya taru, da cikin fadamun Dallol Mawuri inda ruwa ke kusa. Abin da masara take ga mutanen Meziko shi ne hatsi a gare mu. A yankin Sahel aka fara noma shi, kuma ɗaya daga cikin mafi tsufan shaidunsa da aka samu, a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, ta kai kimanin shekara 4,500. Tun daga lokacin manoma ke zaɓen zangarniya shekara bayan shekara, har kowane yanki ya samu nasa: Haini Kire a ƙasar Zabarmawa, Gergera a wajen Ƙonni da maƙwabtanta, Zango mai doguwar zangarniya a Maraɗi, Ankutes mai gajera a Damargu, ga kuma maiwa da ke jinkirin nuna sai ƙarshen damina.

Akwai wani bincike da ya kamata kowane rele ya sani. A shekarar 1976, bayan babban farin 1973 da 1974, masana sun zaga ƙauyukan Nijar suna karɓar samfurin hatsi da dawa. A shekarar 2003 masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa tare da takwarorinsu na Nijar suka koma ƙauyuka 79 da aka taɓa zuwa, suka sake karɓa, suka shuka tsohon da sabon gefe da gefe. Sun gano cewa manoman Nijar ba su yi watsi da ire-irensu ba, amma hatsin da kansa ya sauya: na 2003 ya fi na 1976 saurin fitar da kai, kuma zangarniyarsa ta ɗan rage tsawo. Wato a cikin shekarun da damina ta gajarta, hatsin gida ya bi damina. Ya iya yin haka ne saboda a cikin gona guda akwai tsirrai masu halaye daban-daban, masu saurin nuna suka fi tsira, manomi kuma ya ɗauki iri daga cikinsu. Da duka tsirran hali ɗaya gare su, da babu abin zaɓa.

Ban da hatsi, akwai abin da ya fi zama a hannun mata: wake, gujiya, kwaruru, riɗi, yakuwa, kuɓewa da kabewa. Daga Matankari zuwa Ɗan Kasari, daga Gesheme zuwa Kore Mai Ruwa, a gamana da bayan gida ake noma su, kuma mace ce ke ɗaure irinsu a tsumma ko ta zuba a gora ta rataye. Waɗannan su ne ke mayar da tuwo abinci mai gina jiki.

Ina ruwan iri da tamowa?

Da farko, bambancin iri yana taƙaita watannin yunwa. Tamowa ta fi kama yara tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba, zazzaɓin cizon sauro da zawo kuma suka yi yawa. Gidan da ke da hatsi mai saurin nuna, da wake ɗan wuri, da ƴar masara a bayan gida, yana fara cin tumu da ɗanyen wake makonni kafin kaka. Idan kuma ruwa ya zarce, mai jinkirin nuna ya cika rumbu. Idan murzuna ta faɗa wa wanda ya fitar da kai a wani mako, wanda ya riga shi ko ya biyo bayansa yana iya tsira.

Na biyu, ire-ire ba ɗaya suke ba wajen gina jiki. Masara mai ruwan ɗorawa tana ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa garkuwar jiki, fara kuwa kusan babu shi a cikinta. Hatsi ma wani ya fi wani sinadarin ƙarfe, wanda rashinsa ke kawo ƙarancin jini ga yara da mata masu ciki. A shekarar 2018 aka fitar da irin hatsi mai suna Chakti a Nijar, aikin cibiyar ICRISAT da INRAN, mai ƙarfe kimanin miligiram 65 a kowane kilo, yayin da ire-iren da aka saba suke da kimanin 47. Ba a ƙirƙiro wannan hali daga sama ba. A cikin hatsin da manoman Afirka ta Yamma suka riƙe aka same shi aka tace.

Na uku, yaro yana buƙatar abinci kala-kala. Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa zalla ya ishe shi, ko ruwa ba a ba shi. Daga wata 6 zuwa 23, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ya ci aƙalla rukuni 5 cikin rukunin abinci 8 a kowace rana: nonon uwa, hatsi da dangoginsa da saiwoyi, wake da gujiya da riɗi, madara da nonon dabba, nama da kifi, ƙwai, ganyaye da ƴaƴan itace masu bitamin A, sai sauran kayan lambu da ƴaƴan itace. Uwar da ke shayarwa, ta dama kunun hatsi mai kauri da garin wake ko tunkuza, ta ba da miyar zogale ko kabewa, ta ƙara kuɓewa ko tumatir, ta cika biyar ba tare da ta je kanti ba. Amma sai in irin waɗannan abubuwa yana hannunta lokacin shuka.

Hanyoyin da iri ke ɓacewa

Hanya ta farko ita ce yunwa. Idan shekara ta yi tsanani, kamar 1984 ko 2005, gidaje da dama suna cinye irinsu, ruwan shuka ya sauka su tafi kasuwa su auno tsabar da ba su san asalinta ba. Wani lokaci hatsin daga kudu ya fito inda damina ta fi tsawo, ya yi kara mai kyau amma ruwa ya ɗauke kafin ya yi ido.

Ta biyu ita ce gauraya. Masara da hatsi iska ce ke ɗaukar bununinsu daga wata shuka zuwa wata. Idan aka shuka masarar gugguru kusa da masarar tuwo suka yi fure tare, ƴaƴan da za su biyo baya ba za su fashe da kyau ba. Haka shibra ke shiga hatsi idan aka bar ta ta yi fure a gona.

Ta uku ita ce ƙanƙantar zaɓe. Wanda ya ɗauki iri daga goyon masara biyu ko uku kawai, bayan ƴan shekaru zai ga masararsa ta tsumbure, domin dangi na kusa ne ke ta haɗuwa da juna.

Ta huɗu ita ce watsi da tsohon iri saboda an samu sabo. Ingantaccen iri kamar HKP ko Chakti abu ne mai amfani, kuma muna ƙarfafa a karɓe shi. HKP ma daga Haini Kire na manoma aka tace shi. Abin da muke cewa shi ne a ba sabo wurinsa, a bar wa tsoho nasa, domin da tsohuwar zuma ake magani. A kuma sani cewa akwai irin kamfani da ake kira haɗin aure, wanda ke yin kyau a shekarar farko kawai, idan aka sake shuka ƴaƴansa sai su fito barkatai. Yawancin masarar gugguru da ake shigowa da ita daga waje irin wannan ce, don haka ba a dogara da ita a matsayin iri.

Yadda za a adana iri a gida

A zaɓi iri tun yana tsaye a gona, kafin girbi, lokacin da ake ganin shukar gaba ɗaya. A ɗauka daga tsakiyar gona, ba daga gefen da ke kusa da gonar maƙwabci ba. A guji wadda ta kamu da cuta ko tsutsa ta ci.

A ɗauka daga tsirrai masu yawa. Ga hatsi da masara, kada a kasa zangarniya ko goyo 50, idan an samu 100 ko fiye ya fi. Matan da gonarsu ƙarama ce suna iya haɗa nasu da na maƙwabta masu iri ɗaya su raba.

Mai son riƙe wata masara ta musamman, ta gugguru ko mai ruwan ɗorawa, ta nisanta ta da sauran masara da aƙalla mita 200, ko ta sa tazarar mako uku tsakanin shukarsu domin kada su yi fure tare.

A shanya iri a kan tabarma ko rufin ɗaki, ba a ƙasa ba, har ya bushe sarai. Ga gwaji mai sauƙi: a zuba ƙwaya kaɗan da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi.

A ajiye shi inda iska ba ta shiga: jarka mai murfi da aka wanke ta bushe, wadda ba a taɓa zuba mai ko maganin ƙwari a ciki ba, ko buhun PICS mai ruɓi uku, ko tulu da aka liƙe bakinsa. Wake da kwaruru ana iya gauraya su da tankaɗaɗɗen toka ko yashi. A sa a inuwa, a ɗaga daga ƙasa, a yi wa kowane iri alamarsa.

Kafin damina a gwada shi: a jera ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a riƙa yayyafa ruwa har mako guda. Idan 16 ko fiye suka tsiro, irin na da kyau. Idan ba su kai rabi ba, a nemi wani tun da sauran lokaci.

Daga ƙarshe, a raba ajiya biyu. A bar wani kaso ko da an yi shuka, saboda shukar farko tana iya ƙonewa. A kuma ba ƴar uwa ko ƙawa a wani gari kaɗan ta riƙe. Manyan cibiyoyi ma haka suke yi: ana ajiye ire-iren hatsi a Sadore kusa da Yamai, akwai kuma babban rumbun iri na duniya da aka buɗe a 2008 a cikin wani dutse mai tsananin sanyi a Svalbard, ƙasar Norwe, inda ake kai kwafin abin da ƙasashe suka adana.

Gargaɗi uku domin lafiyar yara

Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gugguru, ko soyayyar gujiya ko aya ɗungum. Yana iya shaƙe su su toshe masa hanyar numfashi. Ga babban yaro gugguru abin taɓawa ne mai kyau idan ba a cika masa sukari da gishiri ba, amma ba ya maye gurbin abinci.

Irin da aka shafa wa magani, wanda galibi ake gani da launin ja ko shuɗi, na shuka ne kawai. Wanki ba ya fitar da gubarsa. Ko yunwa ta kai ina, kada a dafa shi, kada a ba kaji, kuma a ɓoye shi daga yara.

Masara ko gujiyar da ta yi fumfuna ba ta iri ba ce, ba ta ci ba ce. Tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta da hana yaro girma, kuma dahuwa ba ta kashe ta. A tsince a zubar.

Aikin rele

A zaman mata na gaba, kowace ta zo da cikin tafi na irin da take da shi. A baza a tabarma, a faɗi sunan kowane, da kwanakin da yake yi kafin ya nuna, da abin da ake dafawa da shi. A tambayi tsofaffi abin da suka sani a da wanda yanzu ba a gani. Rele ya rubuta sunayen ire-iren, ya yi alama a kan waɗanda gida ɗaya ko biyu kawai ke riƙe da su, domin su ne ke bakin ɓacewa, a roƙi masu su su raba wa wasu gidaje su yaɗa. A yi irin wannan musaya sau biyu a shekara, bayan kaka da kuma kafin ruwan shuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya shige duhu a kai shi ga malamin gona na gunduma.

Duk wannan ba ya hana awon yara. A ci gaba da auna damtsen kowane yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da igiyar awo. Idan ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, a kai shi likita a ranar. Idan ta nuna ruwan ɗorawa, a kai shi a duba shi cikin makon. Magani na likita ne, amma abin da yaro zai ci bayan an sallame shi daga gona zai fito. Bana, kafin a sussuke dami na farko, a fara ware na iri.